Katakon da Kaka Ta Kai Gaban Kwamiti

A gidanmu na Muciya, da an gama cin tuwon yamma sai mu kewaye murhun Kaka Saratu tun garwashi bai mutu ba. Tatsuniyoyi fal bakinta, amma ni kullum labarin jirgi nake roƙo. "Ke ba ki gajiya?" in ji ta, alhali ta riga ta gyara zama.

Kakanmu Ishaya mai duba layin dogo ne, yana bin sa a ƙafa da guduma. Sau uku ya gaya wa shugabansa cewa katakon da ke ƙarƙashin ƙarfen ya ruɓe a bayan unguwarmu. Da baki ya faɗa, don bai iya rubutu ba. Ran nan da damina jirgin kaya ya kauce daga layi daidai wurin. Kamfani ya ce babu takardar da ta nuna ya kai rahoto, don haka sakacinsa ne, korarsa za a yi. Gwamnati ta turo kwamitin bincike.

"Mazan unguwa suka zauna neman mai rubuta musu takardar koke da Turanci," in ji Kaka tana taɓe baki. "Ni kuwa na leƙa wurin maƙwabtana, Mama Ngozi da Hajiya Asabe, na ce ku ɗauko gammo."

Su uku suka ɗauki katakon a ka, tun daga bakin layi har ofis a Sabon Gari, matan kasuwa na biye da su. Suka dire shi gaban kwamiti. Kaka ta danna yatsa, ya nutse kamar a dafaffiyar doya.

"Na ce wa shugaban kwamitin, ranka ya daɗe, mijina bai iya rubutu ba. Amma zo ka taɓa da hannunka."

Kakanmu ya koma bakin aikinsa. Kamfani bai taɓa amsa laifi ba, sai dai aka sauya katakan shiru.

Muna yara, wurin doyar nan muke jira mu sheƙe da dariya. Yanzu ni ce mai karɓar takardu a wani ofis a Samaru. Duk ranar da rediyo ya ce jirgi ya kauce, an kafa kwamiti, na san wuyan wa ake nema. Kwanan baya wani tsohon lebura ya zo ya ce mini bangon sito ya tsage. Har na buɗe baki zan ce ya je ya kawo a rubuce, sai kunya ta rufe ni. Na jawo masa kujera, na ɗauki biro.

"Baba, faɗa. Ni zan rubuta."