Faffaɗar Taya a Kan Siririn Rim

Motar da mijina ya bar mini ba ta dace da mace mai shekara hamsin ba. Kowa ya faɗa mini haka, har waɗanda ban tambaya ba. Ƙofa biyu gare ta, kujera biyu, ja ce wur, ga ta ƙasa-ƙasa, in za ki shiga sai kin durƙusa kamar mai gaida suruka. Ba ta da nauyi. Ƙarti biyu suna iya ɗaga bayanta. Gawarta ya sayo a bayan wani gareji a Nguru, wajen tashar jirgin ƙasa, ya jawo ta Gashuwa, ya shekara uku yana tayar da ita da hannunsa, da yake bakanike ne. Da ya rasu aka zo rabon gado, 'yan'uwansa suka zagaya ta suna taɓe baki. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar fasinja. Ta faɗo cikin rabona ne don babu mai so.

Na haifi uku, babu wanda ya kai yaye. Saboda haka da na fita takaba gidan ya zama ni ce da motar. Na koyi tuƙi a filin ƙwallo da rana tsaka, lokacin da babu masu kallo. Karatu kuwa na riga na koya, ina da shekara arba'in da ɗaya, a ajin yaƙi da jahilci, kan benci ɗaya da matan da na isa haifa. Wanda ya koyi karatu da girma ba ya barin rubutu ya wuce shi. Gwangwanin tumatir, bayan tirela, takardar da aka ƙunso ƙosai, duk sai na karanta. Kuma na ɗauki wata ɗabi'a da sai yanzu nake ganin muninta: duk abin da ba a rubuce yake ba, na daina ɗaukarsa ilimi.

Mutum ɗaya ya rage mini wanda muka sha nono ɗaya, yayata. Tana zaune a ƙauyenmu, arewa da Yusufari, cikin wani kwari mai dabino da kanwa da tuddan rairayi suka kewaye. Wata Talata cikin bazara maƙwabciyarta ta hau tudu inda waya ke kamawa ta kira ni. Ta ce ƙafafun Yaya sun kumbura, cikinta ya kumbura, kwana uku ko kunu ba ya zama. Ta ce in da hali a kai ta babban asibiti a Nguru.

Ƙauyenmu mota ɗaya ke shigarsa, ranar kasuwa, irin manyan nan masu ja da ƙafa huɗu. Ranar kasuwa kuma saura kwana biyar. Ko ta zo, buhunan kanwa take lodi, mutane a kai. Na ce ba zan jira ba, kuma ba zan je ƙofar kowa roƙo ba. Ina da mota.

Na sha ganin tayoyin manyan motocin nan, faffaɗa, na kuma ji direbobi na cewa faɗin taya shi ke hana nutsewa a rairayi. Na tsuguna gaban tayar motata na karanta lambar da ke jikinta: ɗari da saba'in da biyar, can ƙarshe kuma sha huɗu. Da yamma na shiga wajen masu sayar da tayoyin gwanjo, na bi su ɗaya-ɗaya ina karantawa da yatsa, har na sami huɗu masu ɗari biyu da ashirin da biyar, su ma ƙarshensu sha huɗu. Mai shagon ya ce tunda lambar ƙarshe ɗaya ce, za su shiga. Bai yi ƙarya ba. Ni ce ban tambaye shi ko za su zauna ba.

Washegari da sassafe na kai su wurin mai facin bakin tasha, wani dattijo Babade, aminin mijina tun suna samari. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai matarmu.

"Matarmu, waɗannan kuma na tirelar wa?"

"Nawa ne. Sa mini su, Malam, sauri nake. Yaya ba lafiya."

Ya yi mata addu'a, sannan ya kwance ƙafa ɗaya, ya cire tsohuwar tayar, ya ajiye rim ɗin tsirara a ƙasa. Ya ɗora tafin hannunsa a faɗinsa, ya ƙara yatsa biyu. Ya juya kan sabuwar tayar ya buɗe hannu, taƙi guda cur. Ya girgiza kai.

"Ba gidanta ba ne."

"Ba ta shiga?"

"Shiga kam za ta shiga. Ke ma in kika matsa, ƙafarki za ta shiga takalmin yarinya. Duba nan." Ya matse leɓunan tayar biyu da hannuwansa, sai bayanta ya tashi ya yi tozo. "Kin gani? Siririn rim zai tsuke mata baki, ta yi ciki kamar tulu. Faɗin da kika saya ba zai taɓa ƙasa ba, tsakiya kawai. A kwalta za ta riƙa rawa. A rairayi kuma dole ki rage iska, in kin rage, me zai riƙe leɓen? Ki sha kwana ɗaya mai ƙarfi, ta tofar da rim ɗin."

"To me kake so in yi, in zauna in tafa hannu?"

"Bar naki sirara. Motar nan ba ta da nauyi, mijinki ya sha shiga Dagona da ita cikin yashi. Ki kwana Yusufari, ki shiga da asuba rairayi na da sanyi, ki rage iska kaɗan. Ban ce lallai za ki kai ba, cikinta ƙasa yake. Amma da waɗannan, na rantse ba za ki kai ba."

Gobe da asuba. Abin da kunnena ya ɗauka ke nan, wani kwana guda. Sai na faɗi maganar da har yau in na tuna nakan ji ɗaci a bakina.

"Malam, lambar da ke jikin tayar nan, karanta mini ita."

Ya dube ni.

"Ba ka iya ba. Ni na iya. Sha huɗu da sha huɗu. Turawan da suka ƙera ta sun rubuta, kai kuma kana auna mini da yatsu kamar mai sayen yadi."

Masu shayin gefe suka juyo suna kallonmu. Dattijon nan ya sunkuya. Ya jawo ƙarafunansa, ya shafa ruwan sabulu a leɓen tayar, ya hau aiki. Huɗun nan sai da suka ci masa hantsi gaba ɗaya. Da ya gama ya ɗaure noti, ya saka tsohuwar safaya a but, ya ɗora wani guntun katako a kai.

"Na jak ne, kada ya nutse. Allah ya kai ki, matarmu. Ki gaida Yaya."

Daga Gashuwa zuwa Yusufari kwalta ce, amma tun a nan motar ta canza hali. Da ma da yatsa biyu nake juya ta. Ranar nan sitiyari ya yi nauyi, in na juya sai ta yi jinkiri kafin ta bi, kamar tana shawara. Duk ramin da na faɗa sai in ji tayar ta gogi jikin mota, ƙauri ya taso. Na ce sabo ne, za ta saba.

Na bar kwalta rana na tsakar ka. Na tsaya na tsinke tsinken tsintsiya, na bi ƙafafun huɗu na rage iska yadda na ga direbobi na yi. Da farko ta tafi sumul, tana shawagi a kan rairayi, har na yi dariya ni kaɗai, ina shirya abin da zan gaya wa mai faci in na dawo. Na haye tudu biyu. A gangaren na uku hanyar ta karkata don kauce wa wani kututturen goriba. Na murɗa sitiyari. Sai na ji fus, gaban motar ya durƙusa ta hagu.

Tayar ba ta fashe ba, ko ƙaya babu. Leɓenta ne ya zame daga rim, rairayi ya cika tsakani. Na ɗaure zanina, na shimfiɗa katakon, na kafa jak. Sifanar kwance noti ta yi zafin da sai da na naɗe ta da gyale. Na sa safaya, siririya, ta zauna daram. Na ce to, saura tudu huɗu.

Ban kai na gaba ba ta dama ta yi irin na 'yar'uwarta.

Na kashe mota. Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba, ni da na shekara biyu ina kwana gida ni kaɗai. A gida akwai kukan akuyar maƙwabta, akwai injin markaɗe. A nan injin motar ne kawai ke ƙas-ƙas yana hucewa, shi ma ya daina. Waya babu ko sanda ɗaya. Na hau tudu na ɗaga ta sama kamar mai roƙon ruwa, babu. Inuwa kuwa, motar ba ta da tsayin da za ta ba mutum inuwa. Na zauna jikin ƙofarta na lulluɓa.

Ina zaune na jawo ƙafar farko da na cire, don hannuna ya sami abin yi, ina kakkaɓe rairayin. A cikin rim ɗin, inda taya ke rufewa, na ga rubutu an buga a jikin ƙarfe. Na tofa yawu na goge. Sha huɗu, sai alama, sai biyar. Ashe shi ma rim ɗin da lambar faɗinsa, an rubuta, a inda ban taɓa leƙawa ba. Abin da dattijon ya gani da yatsu bakwai ke nan. Na daɗe ina kallon biyar ɗin nan. Na so in yi kuka, na ga ruwan jikina ba na ɓarnatarwa ba ne.

Sai bayan la'asar na ji ƙarar amalanke. Wani Bafulatani ne da shanu biyu, ya ɗoro jarkokin ruwa. Ya tsaya ya dubi motar, ya dube ni, ya ga zanen fuskata.

"Kai! Babarbariya, wa ya ba ki wannan ƙwaryar? Ubangidanki ya zo, tashi ki gaishe shi."

"Bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa. Juya shanun nan ka kai ni gida."

"Da tayoyin nan kika shigo? Ko saniyata ta fi ki sanin rairayi."

"Shi ya sa kuke zama tare."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya matsar da jarka biyu ya yi mini wuri. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, wasan ya ƙare. Ya karkata hanyarsa, bai ƙara magana ba sai da shanunsa.

Mun shiga kwarin ana kiran magariba. Yaya na kwance a tabarma ƙofar ɗakinta, fuskar ta zabge, cikin ya yi gaba. Ta buɗe ido.

"Auta, ke ce a kan amalanke? Ina jar motar da ake ba mu labari?"

"Tana hutawa a hanya."

"Ke dai ba kya jin magana tun kina goye. Wa kika zaga wannan karon?"

"Mai faci."

"Allah ya ba shi haƙuri. Zo ki juya ni, bayana ya gaji."

Na tambaya ko za a iya kai ta Yusufari a amalanke. Muka gwada da safe, mu huɗu muka ɗaga ta, ba mu fita kwarin ba ta ce a mayar da ita, girgizar za ta raba ta biyu. Muka mayar. Na zauna jiran ranar kasuwa, irin jiran da na ce ba zan yi ba, sai dai yanzu a gefenta nake yinsa. Ina ɗiga mata ruwa da ludayi, ina tsefe mata kai, tana ba ni labarin mutanen da duk sun mutu kamar jiya ta rabu da su.

Ranar Lahadi babbar motar ta zo. Direban, mutumin kirki, ya ce zai ba Yaya kujerar gaba ita kaɗai. Ya shigo ya gan ta, ya fito ya kira ni gefe ya ce, "Hajiya, ki bar ta a ɗakinta." A lokacin ta daina gane kowa. Ta cika ranar Litinin da hantsi.

Ban sani ba ko da na kai ta Nguru ranar Alhamis za ta tashi. Matan ƙauye sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda. Ban sani ba ko siraran tayoyin za su haye tuddan nan bakwai. Abin da na sani, ban ba su dama ba.

Bayan sadakar bakwai na bi motar kasuwa, a saman buhunan kanwa, ƙullin kayan Yaya a cinyata. Muka zo gangaren nan. Motata na nan a durƙushe, iska ta tara mata rairayi har rabin ƙofa. Fasinjoji suka yi ta nuna ta suna tambayar ko ta wane mahaukaci ce. Direban ya leƙo ta taga ya ɗaga kai yana dubana, ko zan ce ya tsaya. Na ce masa mu je.