Lomar Hannun Dama

A farkon shekarun casa'in, lokacin ina fama da karatun da ya ƙi ƙarewa a Landan, mu uku ne muke haɗuwa duk Lahadi a Dagenham mu ci tuwo a tire ɗaya. Mai gidan ɗan zangon Kumasi ne, direban bas, Alhaji muke ce masa. Na biyu likita ne Bazazzage da ke aiki a Marylebone. Na uku ni, uban surutu.

Likita ne ya jawo mana. Wata Lahadi ya ce ya yi mana booking, za mu je Wales mu shiga jirgin roba a wani kogi mai gudu a kan duwatsu. Alhaji ya ce shi ruwan da ya sani na alwala ne. Ni kuwa haifaffen Yawuri, na bugi ƙirji na ce ni da ruwa nono ɗaya muka sha.

Baturen da ke tuƙa jirgin ya yi mana bayani tun a bakin kogi: in muka kusa gangara ya yi tsawa, kowa ya tsuguna ya riƙe igiya. To a garinmu, in ruwa ya yi fushi, mai kwalekwale miƙewa yake yi ya kafa ƙafa ya nuna masa shi ma namiji ne. Da Bature ya yi tsawa, kowa ya tsuguna, ni jikina ya tuna gida, na miƙe. Jirgin roba ba kwalekwale ba ne. Na tashi sama har na hango Dagenham, na sauka da kafaɗar dama a kan wani dutse da nake zaton tun halittarsa ni yake jira.

Kafaɗa ta goce, ƙashi ya tsage. A asibiti aka mayar da ita, aka ɗaure min hannu a ƙirji. Nas ɗin ta ce cikin fara'a in riƙa cin abinci da hagu, ba komai. A gida uwargida ta ba ni cokali, na ci a ɓoye kamar ɓarawo. Amma tiren Lahadi fa? Wa zai tsoma hagu a miyar da mutane ke ci?

Na je sau ɗaya, na zauna gefe ina kallo. Matar Alhaji ta yi tuwon zafi da miyar ayoyo.

"Sarkin ruwa, matso mana," in ji Alhaji. "Ko in ba ka a baki kamar jinjiri?"

"Alhaji, ka ci abinka. Wallahi ba za ka sake ganina a gidan nan ba sai ranar da hannun nan ya kai loma bakina da kansa."

Likita ya ce in bi a hankali, kafaɗa ba ta son gaggawa. Na ce shi ma da ya bi a hankali da bai kai mu Wales ba.

Da aka kwance ɗaurin, hannun ya ƙi wuce cibiya. Aka koya min in tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo. Na hau bangon nan safe da yamma har fenti ya san ni. Zafi kuwa, in na yi ƙara maƙwabciyarmu sai ta buga bango. Na dunƙule safa ta zama lomar gwaji, ina ɗagawa daga faranti. Ta kai ƙirji, ta tsaya nan har ganyayen bishiyoyi suka zube. 'Yata tana kallo tana dariya, tana ce wa uwarta da Turanci Baba zai cinye safa.

Da sanyi ya shigo sosai na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na nufi Dagenham. Na wanke hannu, na zauna a gurbina. Na yanki tuwo, na mulmula, na tsoma a ayoyo, na ɗaga. Hannu ya zo daidai haɓa ya ci birki. Na sunkuyar da kai zan tarye shi.

"A'a!" Alhaji ya ɗaga yatsa. "Hannu ka ce zai je wurin baki. Ba ka ce baki zai je wurin hannu ba."

Na ɗaga kai na miƙe wuya. Ayoyo na tsiyaya ta gwiwar hannu zuwa kan farar rigata, gumi na keto min, kafaɗa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Na cije, na tura, na ƙara turawa. Loma ta shiga.

Ta huce sarai, rabinta ma tana kan riga. Na haɗiye, na ce wa Likita ya janye hannunsa daga gabana, naman nan nawa ne.