Maƙwabcinmu da Akwatin Zaɓe

Maƙwabcinmu a Ƙofar Dumi tela ne, amma Honarabul muke ce masa, alhali bai taɓa cin zaɓen gwamnati ba. Sau uku yana neman kansila, sau uku yana shan kaye. Duk gidan da ya shiga sai a ce masa, "Ai an gama, mu naka ne." Ranar ƙirga kuwa, ƙuri'unsa ba sa kai yawan masu cin tuwo a zaurensa.

Kujera ɗaya ce ba ta taɓa kuɓuce masa ba, shugabancin ƙungiyar iyaye da malamai ta firamaren unguwarmu. A can babu akwati, hannu ake ɗagawa, shi kuma sai ya ja kujerarsa gaba ya juyo yana fuskantar mu. Wa zai bar hannunsa a cinya, mutumin da ya raka gawar ubansa maƙabarta yana kallonsa? Har autarsa ta gama makarantar, ba mu daina ɗagawa ba.

Daga nan ya gano cewa jama'a na son sa, akwati ne ɓarawo. Bayan faɗuwa ta uku ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ce, "Kai dai na san ka zaɓe ni, ɗana."

Na ce, "Haba Baba, har sai ka faɗa?"

Shi ya ɗinka mini kayan angoncina. Amma da na keɓe da takardar ƙuri'a, daga ni sai Allah, ni ma wani na dangwala wa.