Layin da ya ratsa tsakar gidana

Shekarun baya, ban daɗe da fita takaba ba, ɗiyata ta dawo gidanmu na unguwar Zariya, nan Maraɗi, don ta ɗebe mini kewa. Ita ce ma ke rubuta wannan, ni faɗa kawai nake.

Aikinta haɗa taswira ne a ordinatar, wato kwamfuta. Wata rana da hantsi ta kira ni, wai tana ɗora titunan Maraɗi a na'urar, irin waɗanda duk mai so yake zanawa a intanet. Da farko fili ne fari fat. Can sai layuka suka fara fitowa birjik, har hanyar Tibiri da ta Jiratawa. Na ce ta nuna mini gidanmu. Ta jawo shi kusa. Wani layi ya shigo ta zaure, ya ratsa tsakar gida, ya fita ta gefen ɗakin marigayi.

Ban yi karatu ba, amma na san yadda ake rushe gida. A gabana aka shafa wa katangar ƙanwata jan fenti, daga baya katafila ta zo, don takarda ta ce wurin hanya ne. Ɗakin marigayi kuwa har rigunansa suna rataye yadda ya bar su.

Ɗiyata ta yi ta rantsuwa cewa wannan ba taswirar gwamnati ba ce. Na ce mata, "Abin da kika gani, su ma idonsu zai kai." Abinci ya daina shiga. Mota ta tsaya a waje, gabana ya faɗi. Wani bawan Allah mai fenti ya yi sallama yana neman ruwan sha, na danna sakata na bar shi da ƙishinsa.

Da ta bincika, sai ta gano wanda ya zana ya rubuta cewa yanke ne zuwa famfo. Nan na fashe da kuka. Maigidana ne ya fasa ƙofar baya, don matan layin bayanmu su riƙa ratsawa da bokitansu maimakon dogon zagaye. Ashe wani ya taɓa bi, wayarsa tana zana inda ya taka, ya ɗauka hanyar kowa ce. Ni kuwa tun ranar da aka fita da gawarsa na kulle ƙofar.

Ta ce, "Inna, in share?"

Na riƙe hannunta. Tsoro na cewa ta share, zuciyata ta ƙi. Na ce ta bar shi, ta dai rubuta cewa gidan mutane ne, da izini ake wucewa. Washegari na nemo makulli.

Har yau in babbar mota ta tsaya, sai na leƙa katanga. Amma da safe ina jin takun silifas a tsakar gida, wata ta ce, "Allah ya jiƙan Malam." In amsa da amin, in share hawaye.