Zanin da Ya Falmata ta aiko mini

Da na ga zanin a cikin leda na gane.

Ina sharar ƙofar gida ne yau da safe, keke ya tsaya, Yagana matar ɗan Ya Falmata ta sauko. Ba ta ma gama gaishe ni ba ta miƙo mini baƙar leda. Na leƙa, na ga shuɗiyar atamfa mai zanen fanka, a ninke. Sai kawai na zauna a kan dakali, tsintsiya a hannuna.

Domin Ya Falmata ta sha faɗa a gaban mutane: "Rifkatu, zanin nan ba zai shiga gidanki na Wulari ba sai bayan raina."

Jiya bayan azahar ta rasu. Kafin magariba an kai ta. An yi ta kiran wayata tana kashe, kwana biyu ba mu da wuta.

Na yi kukana tun safe. Yanzu so nake in ba ku labarinta, don matar nan ba ta son a tuna da ita da fuska a murtuke.

Yaran yanzu da ke wucewa ta tsohuwar tashar Reluwe suna ganin taragu sun yi tsatsa, ba za su yarda ba idan na ce a can muka yi ƙuruciyarmu. A lokacin jirgin ƙasa yana tashi daga Maiduguri, ya bi Buni Yadi, Bajoga, Gombe, Bauchi, har wajen Jos. Ni ina kai busasshen kifi Gombe wurin yayata. Ita kuma turaren wuta da humra take kai wa matan Bauchi.

Tikitinmu na talakawa ba shi da lambar kujera. Abin da mata suke yi shi ne, ki yi sammako, ki shiga tarago, ki shimfiɗa zaninki a kan bencin da kike so, ki fita ki ci gaba da harkarki. Zani shi ne shaida. Ko ɗan dako mai taurin kai ba ya ɗage zanin mace daga benci.

Ranar da muka haɗu, na shimfiɗa nawa a bakin taga, na sauka in ga yadda ake loda kwalin kifina. Da na dawo sai na tarar da wata doguwar Babarbariya ta yi ɗaiɗai a kan zanin, ta cire takalmi, tana cin gyaɗa.

Na ce, "Baiwar Allah, tashi, zanina ne."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi mini sannu da Barbarci, "Wushe," sannan ta ce, "Sunanki ne a jiki?"

A shekarar nan kusan kowace mace a garin nan tana da wannan atamfar mai fanka. Amma ni ban yi wannan tunanin ba. Na riƙe ƙugu na fara. Jirgi ya yi usur, ya tashi, muna yi. Na kira ta ɓarauniyar zani. Ita ko muryarta ba ta ɗaga ba, sai dai ta ɓare gyaɗa ta ce, "Kawo shaidu."

Har kusa da Buni Yadi muna abu ɗaya. Mai duba tikiti, wani dattijo mai farin gashin baki, ya gaji da mu. Ya ce, "Benci dai na mutum biyu ne. Ku zauna a kai ku biyun. Duk tashar da aka tsaya, ku yi musayar taga. Wadda ta ƙara magana zan sauke ta a daji."

Muka zauna, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya.

Bayan Buni jirgin ya lalace, muka yi awa huɗu a tsaye, babu gari babu ruwa. Ishaku ɗana yana goye, yana ta tsala ihu. Ba tare da ta dube ni ba ta miƙo mini gorar ruwanta. Can kuma ta karɓe shi, ta yi masa wata waƙa da Barbarci, ya yi barci a cinyarta. A kan zanin rigima.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Da na sauka a Gombe, wani maƙwabcinmu da ya hau jirgin nan ya biyo ni da gudu. Ya ce, "Maman Ishaku, ina kika shiga? Ga zaninki, tun Maiduguri yake zaune shi kaɗai a bakin taga. Mutane suna tsaye, ba wanda ya taɓa shi."

Ashe taragon gaba na shimfiɗa nawa. Da na dawo daga wurin kifi sai na shiga na baya.

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na fizge zanin na cusa cikin jaka, na ce wa mutumin idan ya faɗa wa wani ban yafe ba.

Bayan mako biyu na koma tasha ina addu'ar kada mu haɗu. Ina shiga tarago na ji murya: "Mai zani! Zo nan, na kama mana wuri." Ta shimfiɗa zanin a kan benci ɗaya, ta danne gefe da kwandonta.

Daga ranar sunana Mai zani. Ku da kuke kirana haka a nan ba ku san mafarin ba, to yau kun ji.

Ya kamata in faɗi gaskiya a ranar. Ban faɗa ba. Na ce, "Kin dai san nawa ne." Ta ce, "Kawo shaidu." Muka yi dariya. Shi ke nan, wasa ya kafu, ni kuma kullum sai in ce gobe.

Shekaru muka yi muna hawan jirgin nan tare. Gidansu a lokacin yana kusa da tasha, don haka ita ke kama wuri, ni ke kawo abinci. Dokar dattijon nan kuwa ba ma karya ta: kowace tasha sai mun yi musayar taga, ko da taragon babu kowa.

Idan azumi ne, ni nake leƙen taga in yi mata gadin rana. Da rana ta faɗi sai in taɓa ta, ta buɗe baki da dabino. Ba ta taɓa cin na farko ba sai ta ba ni na biyu a hannu.

Mutanen taragonmu ba sa ƙorafin warin kifina, saboda kwandon turarenta yana gefe. Takan ce, "Ba don ni ba da tuni an jefa ki ta taga ke da kifinki."

Wata Kirsimeti muka ce mu ma yau za mu hau jirgi ba don kasuwa ba. Muka kwashi yaranmu bakwai muka tafi Jos yawon buɗe ido. Ya Falmata da ba ta taɓa jin sanyin dutse ba ta naɗe kanta da lafaya biyu da bargon yayata, ido kawai ake gani. Ta ce, "Rifkatu, mutanen nan laifin me suka yi aka ajiye su a cikin firij?" Amma a hanyar dawowa, da jirgi ya ratsa tsakanin duwatsu, ta manne a taga kamar yarinya. Tasha uku ta wuce ba ta ba ni ba. Wannan ne kaɗai karon da ta ci amanar doka, kuma na yi shekaru ina yi mata gori.

Da jirgi ya daina zuwa, muka koma mota kowa da hanyarta, amma zumunci bai yanke ba. Lokacin da gari ya rikice, unguwarmu ba ta zaunuwa, a ɗakinta na yi mako uku ni da 'ya'yana. Da zanin nan ta rufe mini ƙafa daren farko, ta ce, "Aro ne, kada ki saba."

Bara jikanta ya nuna mata bidiyon sabon jirgin da ke zuwa Abuja daga Kaduna. Ta kira ni a waya tana ta murna. "Mai zani, jirgi mai sanyi a ciki, da kujeru kamar na falo. Sai mun hau kafin mu mutu."

Na ce mata yanzu a waya ake sayen tikiti, kowa da lambarsa, babu kama wuri.

Ta ce, "Su riƙe lambarsu. Ni zanina zan shimfiɗa."

A raina na yanke cewa a cikin jirgin nan zan gaya mata. Zan ɗauko nawa daga ƙasan akwati inda yake ɓoye tun ranar Gombe, in shimfiɗa kusa da nata, in ce, Ya Falmata, ni ce mai laifi, na kira ki ɓarauniya a gaban jama'a alhali ba ki ɗauki komai ba.

Sau uku muna sa rana. Sau ukun ni na ɗaga. Na farko gwiwata, na biyu bikin 'yar ƙanwata, na uku ba ni da wani dalili, na dai ce a bari damina ta wuce.

Mako uku da suka wuce na je duba ta a unguwar Galtimari, gidan ɗanta. Ta rame, amma bakin nan yana nan. Ta sa aka kawo mini shayi, ta ce a rage sukari don tsofaffi ne mu. Da na tashi tafiya sai zuciyata ta ce faɗa mata yanzu. Na koma na zauna a bakin gado, na ce, "Ya Falmata, akwai wata magana a kan zanin nan."

Ta ɗaga hannu. "A'a. Maganar jirgi sai a jirgi."

Ta ce in gaishe da Ishaku, in gaya masa har yanzu tana binsa wankin zanin da ya jiƙa mata a dajin Buni. Na fito ina dariya. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Yau da na ɗan dawo hayyacina, Yagana ta zauna kusa da ni a kan dakali. Ta ce, "Mama, akwai saƙo. Tun ranar Talata ta ba ni, ta sa na maimaita sau biyu don kada in manta."

Na ce ina ji.

"Ta ce in ce miki ki haɗa shi da ɗan'uwansa da ke cikin akwatinki, sun daɗe ba su ga juna ba."

Na ɗago na dube ta, ta ci gaba.

"Ta ce tana taga a Gombe lokacin da mutumin ya miƙo miki. Ta ga yadda kika cusa shi a jaka kina waige-waige. Ta ce ta yi dariya har Bauchi."

Yagana ta warware zanin, ta nuna mini bakinsa. Akwai 'yar ƙuna kamar ƙwayar wake, inda garwashin turare ya taɓa faɗawa. Ta ce tun kafin ranar take, kuma Ya Falmata ta san da ita tun muna cikin rigimar.

Na ce, "To me ya hana ta nuna mini a take, ta huta da bakina?"

"Na tambaye ta, Mama. Ta ce da ta nuna, da rigima ta ƙare, kin koma taragonki, ita kuma wa zai yi mata hira har Bauchi?"

Ina hawaye ina dariya, har maƙwabta suka leƙo.

Shekara talatin da wani abu matar nan tana cewa in kawo shaidu, alhali shaidar tana ƙarƙashinta tana zaune a kai.

Na ɗauko nawa ɗazu. Sabo fil, ko wanki bai taɓa gani ba, sai warin akwati. Nata ya koɗe, ya yi laushi, yana ƙanshin turare. Na ajiye su tare a kan gado. Anjima zan tafi Galtimari zaman makoki.

Allah ya jiƙan Ya Falmata, ya yafe mata kurakuranta, ya ba ta wurin zama mai kyau kamar yadda ta yi ta kama wa wasu. Allah ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, Musulmi ko Kirista, ina roƙo ya tsaya minti ɗaya ya sa ta a addu'a. Wanda ya taɓa hawan jirgin nan namu kuma, ya san irin mutanen da nake nufi.

Yagana ta ce idan an yi arba'in za ta raka ni Kaduna, mu hau, mu shimfiɗa zannuwan biyu ko da ma'aikata za su yi mana dariya. Na ce to, kuma wannan karon ba zan ɗaga ba.

Amma haƙurin da nake ɗauke da shi tun Gombe, ban ba ta da bakina ba.