Ranar da Fuskar Kwamfutar Zulaiha Ta Yi Baƙi

Malama Zulaiha 'yar Chinade ce, aure ne ya kawo ta Azare. Mijinta Malam Mamman yana buga wa mutane takardu da tafireta a gindin wata dalbejiya kusa da tsohuwar tasha, shi ya koya mata aikin a cikin gida. Da ya rasu ya bar mata 'ya'ya mata biyu da tafiretar, sai ta ci gaba da bugawa a zaure. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma mantuwa. Ko a gidansu an san idan aka taka Zulai ba za ta ce komai ba, amma fa ta ajiye.

A shekarar 2004 Alhaji Zarami, wani Babarbare mai sayar da kayan masarufi, ya buɗe shagon buga takardu da kwamfutoci 'yan gwanjo. Wani ɗan'uwansa ya zo daga Maiduguri ya zuba musu wata manhaja ta daban da wadda aka saba gani, ya ce ba ta kamuwa da cuta, ya koma abinsa. Alhaji ya ɗauki Saleh, wani saurayi da ya yi kwas ɗin kwamfuta a Bauchi, ya kula da shagon. Ya ɗauki Zulaiha don saurin hannunta. Ba a jima ba ɗalibai suka riƙa tsallake teburin Saleh suna jiran nata, domin ba ta kuskuren rubutu kuma ba ta yi wa kowa tsawa.

Wata rana ta dawo daga sallar azahar ta tarar fuskar kwamfutarta ta yi baƙi ƙirin. Babu hoto, babu 'yar kibiyar nan da ake ja, sai wani farin rubutu a sama da ɗan layi yana ƙyaftawa. Aikin wata ɗaliba ne a kai, ta kusa gamawa.

"Saleh, zo ka ga abin da ya faru."

Ya zo yana goge hannu, ya duba, ya girgiza kai.

"Anti Zulai, na sha gaya miki wannan ba tafireta ba ce. Dukan da kike wa maɓallan nan ne ya taɓa mata ƙwaƙwalwa."

Kafin ta ce wani abu ya zare wayar daga soket. Da aka sake kunnawa komai ya dawo, ban da aikin rabin yini da ba ta adana ba. Ɗalibar ta zauna a benci tana kuka.

Abin ya sake faruwa, ya kuma sake, kullum bayan ta fita salla. Ta rage ƙarfin hannu har tana bugawa kamar mai taɓa ƙwai, amma bai daina ba. A na ƙarshe Alhaji yana shagon, mutane cike. Ya ce a gabansu:

"Malama Zulai, injin nan ya fi ƙarfinki. Ki koma wa abin da kika iya."

Ta ɗauki mayafinta ta fita. Kafin sati ya zagayo ƙanin Saleh ya hau kujerarta.

Ta koma zaure da tafireta, amma lokacin tafireta ya wuce, aikin sai jefi-jefi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta yarda da gaske hannunta ne ya ɓata injin. Bayan shekara biyu Alhaji ya sabunta kayansa, yayanta Hammadu ya samo mata ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin, ya kawo mata a bayan mashin.

Wata safiya ta sa karatun Alƙur'ani a kwamfutar tana goge maɓallai da tsumma, sai fuskar ta yi baƙi. Farin rubutun nan, ɗan layin nan. Ta kai hannu soket, sai ta tsaya. Karatun bai yanke ba. Mai karatu yana ta jan ayarsa kamar ba abin da ya faru. Ta ce a ranta, abin da ya mutu ai ba ya karatu. Ke nan aikin yana nan, wani labule ne aka ja a gabansa.

Ta ja kujera ta zauna. Ta tuna inda tsumman yake lokacin da abin ya faru, gefen hagu daga ƙasa zuwa sama. Ta danna maɓallan wajen ɗaya-ɗaya, babu abin da ya canza sai haruffa da ke fitowa. Ta koma haɗa su biyu-biyu. Da ta riƙe Alt ta bi layin sama tana dannawa, rubutun ya riƙa ɗan sauyawa, har ta kai F7. Nan take hotuna suka dawo, komai yana inda ta bar shi.

Ba ta yi murna ba. Ta nemi hanyar mayar da baƙin da kanta. Maɓalli ɗaya bai yi ba, biyu ba su yi ba. Sai da ta riƙe Ctrl da Alt ta danna F1 tare da su. Ta yi ta maimaitawa, tana kallon yatsunta. Ba a buga wasiƙa da waɗannan maɓallan. Kuma duk lokacin da abin ya faru a shago, ita tana kan darduma.

Ba ta je ta yi rigima ba. Ta jira. Ta ji labarin Alhaji zai tafi Hajji ya bar wa Saleh ragamar shagon gaba ɗaya, har da sabon da ya buɗe a Dambam. Sai da ya rage kwanaki kaɗan ta aika masa cewa tana roƙon ya biyo ta zaurenta don Allah. Ya zo da la'asar, a zatonsa sallama za ta yi masa.

Ta buɗe takarda a kwamfutar ta ce, "Alhaji, sa yatsanka nan. Da nan. Yanzu danna wancan."

Fuskar ta yi baƙi. Alhaji ya ja baya. Ta danna biyu, komai ya dawo.

"Ka tuna inda nake zuwa idan aka kira azahar?"

Ya kalli hannunsa. Can ya ce, "Wa yake zama a shagon lokacin?"

"Kai ka fi ni sani."

"Na zalunce ki, Malama Zulai. Ki dawo bakin aikinki."

"Ba zan dawo ba, Alhaji."

"To me kike so?"

"A fitar da Saleh yadda aka fitar da ni. Da rana, mutane suna kallo."

Alhaji ya roƙe ta ta sassauta, ya ce ga shi zai tafi ɗakin Allah. Ta ce ai shi ya sa ta kira shi yanzu, kada ya tafi da hakkinta a wuyansa.

Washegari ta zauna a rumfar mai kunun zaƙi da ke kallon shagon. Ta ga Alhaji ya shiga, ta ga ya sa Saleh a gaban kwamfuta, ta ga Saleh yana rantse-rantse. Ya fito da jakarsa, ƙaninsa a bayansa, ɗalibai sun dare musu hanya. Da idonsu ya haɗu ba ta kau da kai ba. Ta shanye kununta ta tafi gida.

Labarin ya zagaye gari, babu mai shagon da ya sake ɗaukar Saleh. Ya koma acaɓa tsakanin Azare da ƙauyuka. Mahaifiyarsa ta zo har gida ta durƙusa tana neman a yafe. Zulaiha ta ɗaga ta, ta kawo mata ruwa, ta ce, "Inna, ke ba ki yi mini komai ba. Shi ya zo ya faɗa da bakinsa." Bai zo ba.

Zaurenta ya zama shago, ta koya wa matan aure da yawa aikin, 'yarta babba ta karɓi rabin teburin. A daminar 2009 ta je ta'aziyya Chinade, tana shirin dawowa hadari ya haɗo. A bakin titi mashin ɗaya ne ya rage, na Saleh. Ya matso ya kashe injin, bai ɗago kai ba.

"Anti, ki hau. Ruwa zai sauko."

Ta gyara mayafinta ta koma gindin tsamiya. Ruwan ya sauko ya jiƙe ta sharkaf. Ya daɗe a tsaye a wurin shi ma, sannan ya tayar da mashin ya tafi. A bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gero ta dawo Azare, ta kwana biyu tana zazzaɓi.