Ƙarƙashin Bargon Odell

A garinmu, can cikin gonakin masarar Missouri, duk macen da ta gama haɗa facin bargonta sai ta naɗe shi ta kai wa Verlene. Ita ce mai keken ɗinkin nan mai dogon hannu, wanda ya cinye rabin tsohuwar rumfar taraktarsu. A miƙe yadin ƙasa a kan dogon tebur na ƙarfe mai buɗaɗɗen tsakiya, a sa auduga, a rufa da facin, sannan ta kama keken da hannu biyu tana yawo da shi, tana zana ganye da gajimare da zare. Idan ta fara, ko gobara ake yi ba ta sani ba.

Sai dai aikin yana da munafunci. Idan zaren sama ya saki, saman bargon lafiya lau yake, ta ƙasa ne zare ke zubowa zobe-zobe. Dole wani ya shiga ƙarƙashi ya duba, gwiwoyin Verlene kuwa tuni sun daina yi mata biyayya. Wannan ya zama aikin mijinta Odell, tsohon makanike. Yakan kwanta a kan katakonsa mai tayu, wanda a da yake shiga ƙarƙashin tarakta da shi, ya sulale ciki da tocila. Ƙarar keken ba ta barin a ji magana, don haka suka yi yarjejeniya: in zare ya saki ya taɓa idon ƙafarta, in bai taɓa ba ta ci gaba.

Wani lokacin yakan taɓa, ta tsayar da keke.

"Ya saki ne?"

"A'a, lafiya yake."

"To uban me ya sa ka tsayar da ni, tsoho?"

"Gadin ƙafafun nake yi, kada a sace."

"Wa zai saci dankali? Kai dai ka samu wurin barci."

Haka suka tsufa, ita a sama, shi a ƙasa, har lokacin girbin da Odell ya kwanta bai tashi ba.

Sai da sanyi ya wuce ta iya buɗe akwatin rigunansa. Ta yanka su duka, shuɗiyar nan ta zuwa coci, jajayen nan na gona, ba ta bar ko ɗaya ba, ta haɗa facin bargo da su. Wanki ya cinye su sun yi laushi, sun yi shara-shara, irin yadin da in allura ta huda shi sau biyu sai ya yage. Ta san wannan bargon ba shi da na biyu.

Ranar da ta ɗora shi a kan tebur, hasken la'asar na kwararowa ta taga. Ta kama keke ta tafi. Ta zana hanyar da suke bi zuwa kogi, ta zana tsuntsayen da ke tashi gaban tarakta, tana jin ƙamshin kofi da man inji kamar Odell yana nan. Ba wanda ya taɓa ƙafarta, ita kuwa ta ci gaba, ranta fes. Sai da ta yi nisa, ta kai hannu za ta naɗe, ta ji kaushi ta ƙasa.

Da ƙyar ta durƙusa, ta kwanta a kan katakon Odell, ta tura kanta ciki. Zare ya zubo ko'ina, zobe kan zobe. Amma rana ta ratso ta cikin rigunan, shuɗi da ja suna sauka a fuskarta kamar tagar coci. Ashe abin da mutumin nan yake kallo ke nan duk shekarun nan, bai taɓa faɗa mata ba. Ta yi kuka sosai, don ta yi kewarsa.

A haka 'yarta Rhonda ta shigo da kwanon abinci ta same ta, ƙafafu kawai a waje.

"Wayyo Mama! Faɗuwa kika yi?"

"Ke, ajiye kwanon nan, daina ihu. Na ɓata rigunan babanki. Shiru na ji, na ɗauka lafiya."

Kwana da kwanaki suka yi suna warware ɗinkin, zare ɗaya-ɗaya, suna lallaɓawa. Shuɗiyar rigar ce kaɗai ta yage, suka rufe wurin da aljihunta. Da aka zo sake ɗinki, Rhonda ta ce ita za ta shiga ƙasa.

"Ba ki san abin da za ki duba ba. Kama keken."

"Mama, ni da ko maɓalli ban iya sawa ba?"

"Hannunki zai koya. In kin ji na taɓa ki, ki tsaya."

Verlene ta ƙara matse zaren sama, ta koma kan katakon. Keke ya tashi. Ɗinki na fitowa sumul, ɗaya bayan ɗaya, haske na yawo a kanta. Ta juya kai ta ga ƙafafun 'yarta suna matsawa a hankali, suna ɗan rawa ba da saninsu ba, kusa da ita ƙwarai. Hannunta ya miƙe da kansa ya taɓa idon ƙafar.

Keken ya tsaya.

"Mama, ya saki ne?"

Verlene ta bar hannunta nan inda yake.

"A'a, lafiya yake," ta ce.